Ƙuduji Daga Ƙarƙashin Ƙasa Ya Ke Cin Dawa

Wata ranar Jumma'a, ana tsakiyar cin kasuwar Wudil, wani dattijo daga ƙasar Utai ya yi sallama a ofishin Jam'iyya, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya ce yana so a rubuta masa takarda. Akawu ya jawo masa benci ya ce, “Baba, takardar mece ce?” Ya ce ta neman beli. An kama ɗansa, yaro ɗan shekara 19, wai ya zare wa wani wuƙa a kara, an kuma sami ƙwaya a aljihunsa. Irin wannan takarda mun rubuta ta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, har alƙalaminmu ya san hanyarta. Amma da aka tambayi wannan dattijo tun yaushe yaron ya lalace, sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Malam, ni dai ban san ranar da ya lalace ba. Na dai san lokacin da ya daina barci.”

Ga yadda ya ba da labarin. Yaron yana da shekara 12 uwarsa ta rasu wajen haihuwa. Daga nan ya rage magana, ya rage wasa, cikin dare a kan iske shi zaune a soro idonsa biyu. Mutane suka ce yaro ne mai haƙuri, aka yabe shi. Yana da 14 sai tsoro ya shige shi, in an kira sunansa a aji gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa, numfashinsa ya sarƙe. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Da ya ƙi komawa makaranta aka ce malalaci ne, aka sa masa bulala. Yana da 16 ya shiga aikin lodi, abokan aiki suka ba shi ƙwaya don ya ji ƙarfi, ya tarar kuma tana kwantar masa da tunanin da ya hana shi sakat, sai ya riƙe ta. Aka ce ɗan ƙwaya ne. Yau an ce ɗan daba ne, an kulle shi. Shekara bakwai, suna biyar, kowane suna da nasa magani, alhali kuwa yaron ɗaya ne, abin da ke cinsa ma ɗaya ne.

Kowane manomi a Utai da Indabo da Achika ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ran da ka ga furensa a gonarka, to ya riga ya yi ɓarnarsa, domin ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa manne da saiwar dawa yana tsotse ta. Kai a sama ka ga ganye ya ƙoshe ka ce rashin taki ne, ka ga kara ya tsumbure ka ce ƙarancin ruwa ne, ka ga zangarniya ba ta cika ba ka ce iri ne bai yi kyau ba. Ashe abu guda ne a gindi. To, haka ciwon hankali ya ke ga 'ya'yanmu. Abin da mu ke so mu faɗa wa jama'a yau shi ne, yawancin waɗannan cututtuka da mu ke ba su suna daban daban saiwarsu a haɗe ta ke, saiwar nan tun yaro yana ƙarami ta ke kama shi, ana kuwa iya rage mata ƙarfi da araha in an tashi da wuri. Amma masu riƙe da mulki sun gwammace su jira fure ya fito, sa'an nan su aika da 'yan sanda.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan hamayya ne kawai. A wani gari wai shi Dunedin, cikin ƙasar Niyu Zilan, masana sun ɗauki yara 1,037 waɗanda aka haifa tsakanin 1972 da 1973, suka riƙa bin rayuwarsu suna duba lafiyarsu har suka manyanta. A 2014 biyu daga cikin masanan, Avshalom Caspi da Terrie Moffitt, tare da abokan aikinsu, suka bayyana cewa damuwa, da fargaba, da shaye-shaye, da ruɗewar tunani, duk suna da wani tushe guda da su ke tarayya a cikinsa, wanda ya fi yawa ga wani ya yi ƙaranci ga wani. A 2020, bayan mutanen sun cika shekara 45, sai aka tarar kashi 86 cikin 100 nasu sun taɓa fama da wani ciwon hankali, babba ko ƙarami, ko da sau ɗaya ne. Aka tarar kuma da wuya ciwon ya tsaya a kama guda. Bana fargaba, baɗi damuwa, wata shekara kwalba. Wanda abin ya kama tun yana yaro kuwa shi ya fi daɗewa a ciki, shi ya fi ganin kamanni iri iri. Watau labarin yaron Utai ke nan, sai dai su sun rubuta nasu da lissafi.

To, mene ne waɗannan saiwoyi? Masana sun lissafa da dama, amma huɗu sun fi fitowa fili, kuma babu wadda Bahaushe bai san sunanta ba.

Ta farko ita ce yawan tunani, watau saƙe-saƙe. Mutum ya ɗauki abu guda, ko wanda ya wuce ko wanda bai zo ba, ya yi ta juya shi a zuci dare da rana ba tare da ya kai ga shawara ba. In tunanin na abin da ya wuce ne, ya kan haifi baƙin ciki da ganin kai ba a bakin kome ba. In na abin da zai zo ne, ya kan haifi fargaba. Ta biyu ita ce gudun abin da a ke tsoro. Yaron da gabansa ke faɗuwa a aji, ran da ya yi fashi sai ya ji sanyi a ransa, wannan sanyi kuwa shi ne tarkon, domin gobe tsoron ya ƙaru, fashin ma ya ƙaru, har duniyarsa ta ƙuntata ta koma ɗaki guda. Ƙwaya ma ai gudu ce, ita dai a cikin ciki a ke yin ta. Ta uku ita ce kasa riƙe zuciya sa'ad da ta tashi. Wani in ransa ya ɓaci ya san yadda zai lallashi kansa har ya huce. Wani kuwa ba a taɓa koya masa ba, sai ya huce a kan na kusa da shi, ko a kan jikinsa. Shi ya sa yarinyar da ke kuka ita kaɗai a ɗaki da yaron da ke zare wuƙa a kasuwa sau da yawa ciwonsu guda ne, hanyar fitarsa ce ta bambanta.

Ta huɗu ita ce wadda dattijon nan ya lura da ita da kansa, watau rashin barci. Da, likitoci sun ɗauka rashin barci alama ce kawai ta wani ciwo. A 2017 masana na Jami'ar Oksfod a Ingila suka gwada da ɗalibai 3,755 masu fama da rashin barci. Waɗanda aka koya wa dabarun gyara barcinsu, ba barcin kaɗai ya gyaru ba, har zargin mutane da jin muryoyin da babu su, da damuwa, da fargaba, duk suka ragu. An taɓa saiwa guda, rassa huɗu suka motsa.

Ƙuduji kuma an san shi da son gajiyayyar ƙasa. Ƙasar da waɗannan saiwoyi su ke so ita ce wahalar ƙuruciya: maraici, da mutuwar aure, da duka mai tsanani, da cin zarafi, da yunwa, da rashin wani babba guda da yaro zai iya kai wa kuka. A 1998 likitoci a Amurka suka buga binciken da suka yi wa manya sama da 9,000 game da ƙuruciyarsu. Waɗanda suka sha irin waɗannan wahalhalu iri huɗu ko fiye, haɗarin su faɗa shaye-shaye, ko ciwon damuwa, ko yunƙurin kashe kai, ya ninka na waɗanda ba su sha ko ɗaya ba sau 4 har zuwa sau 12. Gado ma yana da nasa rabo, ba mu musa ba. Amma gado kamar iri ne, sai ya sami ƙasar da ta karɓe shi.

A nan tilas mu yi gargaɗi, don kada a ɗauki maganarmu a kai ta inda ba mu aike ta ba. Ba mu ce duk ciwon hankali guda ne ba, ba mu kuma ce hira tana maganin kowane iri ba. Wanda ya fita hayyacinsa, yana jin muryoyi, ko yana kwana da kwanaki ba barci yana ta surutu, wannan na likita ne da magani, kuma maganin yana aiki. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce mai magani, ba a kuma ɗaukarta ta yawu. Zazzaɓi mai tsanani ma ya kan ruɗar da yaro, wannan kuwa asibiti a ke kai shi a ranar. Abin da mu ke cewa shi ne, kafin a kai ga wannan matsayi akwai shekaru masu yawa da a ke iya yin wani abu, mu kuwa muna barinsu su wuce a banza.

Shekarun nan kuwa an san su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wani ciwon hankali. In aka auna da wannan mudu, aji mai yara 70, irin wanda ba baƙo ba ne a makarantunmu, yara 10 ke nan. A 2021 kuma aka tara bincike 192 daga sassan duniya, aka tarar cikin masu ciwon hankali kashi ɗaya cikin uku ya fara musu kafin shekara 14, kusan rabi kafin 18, kusan kashi biyu cikin uku kafin 25. Watau ciwon nan na 'yan firamare ne da 'yan sakandare, da almajirai, da 'yan talla, da amaren da aka kai ɗaki da ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, wannan kowa ya haddace. Abin da aka manta shi ne, tun yana ɗanye kuma a ke karya shi.

Yanzu mu dubi abin da hukuma ta yi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta nuna wa duniya yadda ruwan kodin ke cin matasanmu. Ran 1 ga Mayu Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Madalla. Amma shekara nawa iyaye suka yi suna kuka ba a ji ba, sai da baƙo ya ɗauki hoto? Sa'an nan da aka ɗauke kwalbar, wa ya tambayi yarinyar nan abin da ya sa ta ke sha? An bar jaki ana dukan taiki. Wanda tunani ya hana shi barci, in ka ƙwace masa kodin ba ka ba shi kome ba, gobe ka same shi da tiramol, jibi da sholisho.

A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. A Oktoba aka sake gano irinsa a Daura. Duniya ta yi Allah wadai, mu ma mun yi. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin waɗannan yara iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Sun ƙwanƙwasa ƙofar hukuma ne ba su ji motsi ba, suka tarar ƙofar mai mari ce kaɗai a buɗe. Rufe gidan mari wajibi ne, amma wanda ya rufe shi bai buɗe wata ƙofa ba, ihu ya yi bayan hari.

Ta wajen doka kuwa abin kunya ne. Dokar mahaukata da Turawa suka kafa a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, wadda ba ta san mai ciwon hankali da kome ba sai a tsare shi, ita ce ta yi ta mulkinmu har Janairun 2023, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali. Shekara 62 da 'yancin kai muna auna marasa lafiyarmu da mudun Gwamna Lugga. Tun 1991 aka rubuta a takarda cewa lafiyar hankali tana cikin aikin ƙananan asibitoci na karkara. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Takarda dai ba ta ƙi tawada ba.

Likitocin hankali fa? Ƙungiyarsu ta sha faɗi, har zuwa 2023, cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wasunsu kuma suna ta haɗa kaya suna tafiya Ingila. Likita guda ga mutum wajen 700,000 ke nan. Ƙidayar 2006 ta sami mutum kimanin 185,000 a Ƙaramar Hukumar Wudil. Ko da mun ninka tun daga lokacin, ko da kuma an raba likitocin daidai wa daida, ba za mu sami guda cikakke ba. Asibitin Dawanau yana can kan hanyar Katsina, mu muna kan hanyar Maiduguri. Mutumin Utai sai ya fito Wudil, ya shiga motar Kano, ya ratsa birni kaf, riƙe da yaron da ba ya son a taɓa shi, da kuɗin motar mutum biyu ko uku, a zamanin da aka janye tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, tsadar kaya kuma ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Wa zai yi wannan tafiya sabo da yaro ba ya barci? Ba mai yi sai abin ya kai ga ɗaure hannu. Tsarin kansa shi ke tilasta wa talaka ya jira fure.

Akwai kuma laifin da mu 'yan siyasa ba za mu wanke hannunmu daga cikinsa ba. Kowa ya san wanda a ke nema in zaɓe ya ƙarato. Yaron nan da aka kora daga makaranta, wanda ba ya barci, wanda zuciyarsa ke kusa, shi a ke lodawa a mota, a ba shi abin da zai sha, a ba shi abin da zai riƙe. In an ci zaɓe a manta da shi, in ya yi ɓarna a kira shi ɗan daba. Masu mulki sun fi kowa yi domin sun fi kowa kuɗi, amma ba za mu yi ƙarya mu ce ɓangaren hamayya tsarkakakke ne ba. Duk ɗan takarar da ya sayi ƙwaya ya ba ɗan wani, ko tutar wa ya ɗauka, maƙiyin talakawa ne, muna kuma kira ga shugabannin Jam'iyyarmu su fara sharar daga ɗakinsu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce babu kuɗi, babu likitoci. To, ai a nan ne amfanin sanin saiwa ya ke. Da kowane ciwo sai da nasa gwani, da sai mu haƙura. Amma tun da saiwoyin kaɗan ne, dabarun kama su ma kaɗan ne, ana kuma iya koya wa wanda ba likita ba. Ba kuwa daga Turai aka fara gane haka ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda masu ciwon hankali ke sauka a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, yana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Duniya ta zo ta koya a wurinsa, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da abin ya fito daga gidanmu muka bari ya yi ƙura.

A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya sa benci a harabar ƙananan asibitoci, ya koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mutum su taimake shi ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. Ciwon da su ke magani a harshensu sunansa yawan tunani, kamar dai a bakin Bahaushe. A gwajin da aka buga a 2016, na mutum 573, bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon damuwa, waɗanda ba su zauna ba kuwa rabinsu. A Peshawar ta Pakistan, ƙasar Musulmi mai fama da tashin hankali, an gwada wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan manya, zama biyar kacal, mako mako, a hannun mutanen da ba likitoci ba. Abin da a ke koyarwa huɗu ne: sassauta numfashi in zuciya ta tashi, rarraba matsala a kama ta gaɓa gaɓa, komawa ga aiki da harkokin yau da kullum ko da rai ba ya so, da neman mutanen da za a jingina da su. Damuwa da fargaba da firgita duk suka ragu tare. A Kenya kuma, tun 2018, wani shiri mai suna Shamiri yana horar da samari da 'yan mata da suka gama sakandare su zauna da ƙannensu 'yan makaranta, awa guda a mako har mako huɗu, an kuwa auna an ga amfaninsa. Benci, da kunne, da horo, da mai duba aiki. Wanne ne a ciki ya fi ƙarfin Jihar Kano?

Sabo da haka ga abin da mu ke nema, a fili, don a riƙe mu da shi mu ma ran da Allah ya ba mu.

Na farko, Wudil mazaɓu goma gare ta. A ɗauki ma'aikatan lafiya biyu daga kowace mazaɓa, namiji da mace, a horar da su gane ciwon hankali da ba da taimakon farko bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2008, wanda Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka gwada a Nijeriya. Mutum 20 ke nan. Kuɗin horonsu bai kai na motar babban mutum guda ba.

Na biyu, a sa rana guda a kowane mako da ma'aikacin jinya mai ilmin hankali zai zauna a babban asibitin Wudil, likita daga Kano kuma ya riƙa zuwa duba aikinsu a kai a kai, a kuma ajiye magungunan da a ke bukata a farashin da talaka zai iya.

Na uku, kowace sakandare da kowace babbar Islamiyya ta sami malami guda da malama guda da aka horar, waɗanda yaro zai iya zuwa wurinsu ba tare da maganarsa ta fita ba. Yaron da ya fara fashi a bi sawunsa a ji dalili kafin a ɗauko bulala. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil tun 2001, cike da matasa. Abin da 'yan Kenya suka yi, ɗalibanta za su iya.

Na huɗu, a kira limamai, da alarammomi, da masu unguwanni, da dagatai, da ungozomomi, a yi shawara da su, domin ƙofarsu a ke fara zuwa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Abin da mu ke roƙon malamanmu shi ne, su yi addu'a su kuma ce a tafi asibiti, mari da bulala kuwa a bar su har abada.

Na biyar, yaron da aka kama da ƙwaya karo na farko, ba dillali ba, a fara kai shi wurin ma'aikacin lafiya kafin a kai shi gaban alƙali. Dillalan kuwa, manyansu mu ke so mu gani a kotu, ba masu tallan ƙulli ba.

Na shida, a rubuta kuɗin wannan aiki a kasafin Jiha da na Ƙaramar Hukuma da sunansa, a kuma karanta wa jama'a abin da aka kashe a ƙarshen shekara. Muna so wakilanmu a Majalisa su tashi su tambaya: cikin ƙananan asibitocin ƙasar Wudil, nawa ne ke da ma'aikaci ko guda da aka horar a wannan fanni? A ba mu amsa da lamba, ba da jawabi ba.

Ku kuma iyaye, 'yan'uwanmu talakawa, kada ku jira Gwamnati kafin ku duba gonarku. In yaro ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ko ya janye daga abokansa, ko ya bar abin da ya saba so, ko fushinsa ya sake kama, ko karatunsa ya faɗi ba dalili, to ku zauna da shi ku biyu, ba a gaban mutane ba, ku tambaye shi, sa'an nan ku yi shiru ku ji. Kada ku fara da wa'azi. Shirun yaro ba kullum ne haƙuri ba. Ku lura da 'yan mata musamman, domin nasu a ɗaki ya ke ci, ba ya fitowa kasuwa. In kuwa yaro ya ambaci mutuwa, ko ya ce ya gaji da duniya, kada ku ce wasa ya ke yi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magungunan feshi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa a fili ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma ita ke sauke masa kaya. Kunyar a ce gidan wane akwai mai taɓin hankali ta kashe yara da yawa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ku kuma samari da 'yan mata, wanda ya ji abin nan a jikinsa ya sani ba shi kaɗai ba ne, ba kuma raunin imani ba ne ko rashin zuciya. Ciwo ne, yana kuwa da magani. Ya nemi babba guda da ya amince da shi ya faɗa masa.

Dattijon nan na Utai mun rubuta masa takardarsa. Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ce, “Malam, yana da ƙane, ɗan shekara 13. Shi ma kwanan nan na fara ganinsa zaune a soro da dare.” Wan ya riga ya shiga hannun hukuma, sai abin da Allah ya yi. Ƙanen kuwa har yanzu ƙudujin yana ƙarƙashin ƙasa, bai yi fure ba. Ko za a sami ƙofar da uban zai ƙwanƙwasa a bana, ko kuwa sai nan da shekara shida ya dawo mana neman wata takardar beli, wannan yana hannun waɗanda ke riƙe da baitulmali, yana kuma hannun ku masu ƙuri'a da kuka ɗora su. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.